Da Tsohuwar Zuma Ake Magani: Ra'ayina Kan Tsofaffin Agoguna Masu Kusurwa Huɗu

Gabatarwa

Tun da farko ina neman afuwa idan aka ci karo da tuntuɓen harshe a wannan rubutu, domin ni Bayarabe ne, Hausar tawa ta aji ce da ta zaman Sabo. Amma tun da malamanmu kullum suna faɗa mana cewa mai koyo ba ya jin kunyar kuskure, na ga ya dace ni ma in tofa albarkacin bakina.

Abin da ya jawo wannan rubutu shi ne wata gardama da ta ɓarke a ajinmu wata rana muna jiran malami. Wata abokiyar karatunmu ta tambaye ni ƙarfe nawa, na duba hannuna, sai na ga agogona ya tsaya cik a kan ƙarfe biyu da kwata, alhali kuwa hantsi ya dubi ludayi. Kwana biyu ke nan ban wana shi ba saboda hidimar jarrabawa. Na kwance shi na shiga murɗawa, sai aji ya kaure da dariya. Wani ya ce wannan agogo ai ya girmi Nijeriya mai 'yanci, kuma gaskiyarsa. Wani ya ce in kai shi gidan tarihi in huta. Da na ce musu a ƙasashen waje akwai mutanen da ke kashe maƙudan kuɗi wajen tara irin waɗannan agoguna, sai aka yi mini caa, aka ce wannan wauta ce ta masu kuɗin da suka rasa yadda za su yi da dukiyarsu.

A ranar ban iya kare kaina ba, domin Hausar gardama ta fi ƙarfin bakina. To ga amsata a rubuce. Ra'ayina shi ne masu tara tsofaffin agogunan ado masu kusurwa huɗu, waɗanda ake wanawa da hannu, sun hango wani abu da mu muka kasa hangowa. Kuma idan ba mu farga ba, irin waɗannan kaya da iyayenmu da kakanninmu suka bari za su ƙare a bola ko a tukunyar maƙerin zinariya.

Yadda Agogon Ya Zo Hannuna

Kakana na wajen uba akawu ne a ma'aikatar jirgin ƙasa, ya yi aiki a tashoshi da dama tsakanin Ibadan da Kano, kuma a bakinsa na fara jin Hausa. Bayan rasuwarsa aka buɗe akwatinsa na ƙarfe, aka tarar da takardu da tsofaffin hotuna da wani ɗan agogo naɗe cikin hankici. Siririn agogo ne, tsawonsa ya fi faɗinsa, fuskarsa ta yi ruwan madara saboda tsufa, sunan kamfanin ma ya goge. Abin da kawai ke karantuwa a ƙasan fuskar shi ne alamar cewa ƙirar Siwizalan ne.

Da baffana ya ga launinsa ya zaci zinariya ce zalla, ya kai wa maƙeri. Maƙerin ya gwada ya ce ruwan zinariya ne kawai aka shafa wa ƙarfe, ya yi tayin kuɗin da ba su kai na motar komawa gida ba. Haka agogon ya dawo, kowa ya ƙi shi, aka miƙo mini a matsayin rabon yaro.

Na fara kai shi wurin wani mai gyara a bakin titi. Ko minti biyu bai yi yana dubawa ba ya ce injin ya mutu, abin da ya fi sauƙi shi ne ya ciro shi ya yar, ya sa mini na batir a ciki. Wallahi saura ƙiris in yarda. Abin da ya ceci agogon a ranar shi ne kuɗin aljihuna ba su kai ba.

Bayan wata biyu wani abokina ya kai ni wurin wani dattijo Bakano a Sabo, wanda ya yi shekara da shekaru yana wannan sana'a. Ya maƙala ɗan gilashinsa a ido, ya buɗe bayan agogon, ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya ɗago ya ce, "Ɗana, wa ya ba ka wannan?" Na ce, "Baba, gadon kakana ne." Ya ce, "To kakanka ya san kaya. Lafiyarsa lau, datti ne da bushewar mai. Ka ba ni mako uku." Ya kwance shi ɗaya bayan ɗaya, ya wanke, ya sa mai, ya mayar. Ranar da na je karɓa ya kara mini shi a kunne, na ji yana bugawa. Ban san lokacin da ƙwalla ta cika mini ido ba, domin wannan sautin ne kakana ya riƙa ji a tashar jirgi tun kafin a haifi mahaifina.

A bakin wannan dattijo na tsinci kalmar "wani" mai dogon wasali a gaɓar farko, wato murɗa agogo don ya samu ƙarfin tafiya. A rubuce ba ta da bambanci da "wani" ta "wani mutum", sai a furuci. Daga nan na lura cewa agogo kansa darasi ne na aron kalmomi. Kalmar "agogo" daga harshenmu na Yarabanci Hausa ta aro ta, inda asalin ma'anarta ƙararrawa. "Sa'a" da "daƙiƙa" daga Larabci suke, "awa" da "minti" da "sakan" kuma daga Ingilishi. Bahaushe kan ce "ƙarfe uku", Bayarabe kuma abin da yake cewa ma'anarsa "ƙararrawa uku", dukansu suna tuna zamanin da ake buga ƙarfe don sanar da lokaci.

Daga Aljihu Zuwa Hannu

Don mai karatu ya fahimci abin da ke jan hankalin masu tarawa, sai mun ɗan waiwayi tarihi. Kafin Yaƙin Duniya na Ɗaya, namiji a Turai agogon aljihu yake riƙewa, zagayayye mai sarƙa. Agogon hannu kuwa ana ɗaukarsa kayan adon mata. Yaƙin ne ya sauya wannan, domin sojan da ke cikin rami riƙe da bindiga ba shi da sukunin laluben aljihu. Agogunan hannu na farko na maza kusan ƙananan agogunan aljihu ne da aka liƙa wa kunnuwa na waya aka zura fata.

A nan ƙirar kusurwa huɗu ta shigo. A shekarar 1904 Louis Cartier, mai sana'ar kayan ado a birnin Faris, ya ƙera wa abokinsa Alberto Santos-Dumont, matuƙin jirgin sama ɗan ƙasar Birazil, agogon hannu mai kusurwa huɗu don ya riƙa duba lokaci ba tare da ya saki abin tuƙi ba. A 1917, ana tsakiyar yaƙi, ya zana wani da ya kira Tank. An ce siffar tankar yaƙi ce ta ba shi dabarar: idan aka dubi tanka daga sama, za a ga jikinta a tsakiya da sarƙoƙin tafiyarta biyu a gefe, kamar yadda sanduna biyu suka miƙe a gefen wannan agogo suka riƙe fatar ɗaurawa. An fara sayar da shi a 1919, kuma har yau ana ƙera shi da kamanninsa na asali: lambobin Rumawa, da hannaye shuɗaye, da ɗan dutse shuɗi a kan maɓallin wani.

Abin lura a nan shi ne, agogo mai kusurwa huɗu ba ya kama da na aljihu ko kaɗan. Tun daga zanensa an yi shi ne don ya kwanta a tsintsiyar hannu, fata da ƙarfe su tafi a layi ɗaya. Ya kuma zo daidai da yayin ado na shekarun 1920 da 1930, wanda ake kira Art Deco, mai son miƙaƙƙun layuka da kusurwoyi a gine-gine da kujeru da kayan ado. Sunan ya samo asali daga wani babban baje koli da aka yi a Faris a 1925.

Kamfanoni suka shiga gasa. Rolex ya fito da Prince a 1928, mai fuska biyu, ta sama ta awa da minti, ta ƙasa ta sakan, har ake masa laƙabi da agogon likita saboda sauƙin ƙirga bugun jini da shi. A Amurka kamfanin Gruen ya fito da Curvex a 1935, wanda aka lanƙwasa jikinsa har da injinsa don ya bi siffar hannu. Hamilton da Bulova da Elgin su ma sun ƙera irinsu masu ɗimbin yawa don ma'aikata da 'yan kasuwa.

Wanda labarinsa ya fi burge ni shi ne Reverso na kamfanin da a yau ake kira Jaeger-LeCoultre. Hafsoshin sojan Ingila a Indiya suna kukan cewa gilashin agogonsu na fashewa wajen wasan ƙwallon dawaki, wasan da 'yan'uwanmu na Katsina da Kaduna da Kano suka sani sarai. Sai aka ƙera agogon da ake tura shi gefe a juya shi, fuskar ta koma ciki, bayansa na ƙarfe ya fuskanci waje. An yi rajistar wannan dabara a Faris ranar 4 ga Maris, 1931. Daga baya wannan baya da ba a rubuta komai a kai ba ya zama wurin zana suna ko tambarin gida.

To me ya kawar da yayinsu? Dalilai ne na aiki. A 1926 Rolex ya fito da Oyster, agogon da ruwa ba ya shiga, wanda ake murɗa murfinsa kamar na kwalba, kuma abin da ake murɗawa dole ya zama zagayayye. A 1931 kamfanin ya ƙara da inji mai wana kansa ta hanyar wani ƙarfe da ke kewayawa idan hannu ya motsa, shi ma da'ira yake bukata. Sannan Yaƙin Duniya na Biyu ya saba wa maza da zagayayyun agogunan soja masu ƙarfi. Kasuwar masu kusurwa huɗu ta ja baya, har Reverso ma aka daina yin sa, sai a 1972 da wani dillali ɗan Italiya, Giorgio Corvo, ya saye ragowar gidajen agogon guda 200 da suka rage a ma'aikata, aka sa musu inji, suka ƙare a kasuwa.

Babbar guguwar kuwa ta taso ne daga Japan. A ranar 25 ga Disamba, 1969, kamfanin Seiko ya fito da Astron, agogon hannu na farko mai aiki da batir da ɗan dutsen kwaz da aka sa a kasuwa. Cikin 'yan shekaru irin wannan agogo ya yi araha, ya cika duniya. Ma'aikatan agogo a Siwizalan suka ragu daga kimanin 90,000 a 1970 zuwa kimanin 30,000 a tsakiyar shekarun 1980.

Me Ke Cikinsa?

Wanda bai taɓa leƙa cikin agogon wani ba zai yi mamakin jin cewa babu wuta ko kaɗan a cikinsa. Idan ka murɗa maɓallin da ke gefe, kana nannaɗe wani siririn ƙarfe ne mai tsawo a cikin ɗan gwangwani. Wannan ƙarfe yana son ya warware, kuma yunƙurin warwarewarsa shi ke tura jerin ƙananan faya-fayi masu haƙora. Da za a bar shi, da ya warware cikin ƙiftawar ido. Abin da ke hana shi shi ne wata 'yar ƙafa mai lilo, haɗe da wani zaren ƙarfe da ya yi sirantar gashi, tana kai da komo, tana sakin haƙori ɗaya a kowane bugu. Wannan sakin shi ne sautin da kunne ke ji.

Yawancin tsofaffin agoguna suna bugawa sau 18,000 a awa, wato sau 5 a sakan, sau 432,000 ke nan a yini da kwana. Don kada ƙarfe ya ci ƙarfe, ana dasa ƙananan jajayen duwatsu na yaƙutun ma'aikata a wuraren da ake gogayya. Shi ya sa za ka ga an rubuta 15 ko 17 a jikin inji, adadin duwatsun ke nan. Wani guda yakan kai agogon kamar yini ɗaya da rabi, don haka mai shi yakan wana shi kowace safiya.

Akwai wani sirri kuma da Baba mai gyara ya nuna mini. Sanya faya-fayi zagayayyu cikin gida mai kusurwa huɗu aiki ne mai wuya. Saboda haka wasu kamfanoni sukan ɗauki ɗan ƙaramin zagayayyen inji su cusa a ciki, su cike gefen da ƙarfe. Waɗanda suka ɗauki aikin da muhimmanci kuwa sukan ƙera inji na musamman mai siffar gidan, ya cika shi daga kusurwa zuwa kusurwa. Na kakana irin na biyun ne, kuma shi ne abin da ɗan gyaran bakin titi ya so ya jefar.

Abin Da Masu Tarawa Ke Nema

Abu na farko shi ne kyan ƙira. Waɗannan agoguna ƙanana ne, marasa kauri, an yi su don su shige ƙarƙashin hannun riga. Ba sa ihu. Bayan shekaru ana yayin manya-manyan agoguna masu nauyi kamar kwanon awo, a 'yan shekarun nan hankalin matasa maza da mata ya fara komawa kan ƙanana, abin da ya ƙara wa tsofaffin daraja. Ni dai na gwada nawa da kwat, na gwada da kaftani, na gwada da agbada, bai taɓa ba ni kunya ba.

Na biyu shi ne asali. Wannan ne ya fi ba mutanenmu mamaki, domin mu mun fi son abu ya yi ƙyalli kamar sabo. Mai tarawa kuwa ya fi son fuskar da ta dafe da tsufa a kan wadda aka sake wa fenti. Idan aka goge jikin agogo da inji har kusurwoyinsa suka daƙushe, darajarsa ta faɗi, domin kaifin kusurwar nan shi ne kyansa. Idan aka sauya masa hannaye ko maɓalli ko inji, ya zama haɗe-haɗe. A wurinsu tabon shekaru shaida ce.

Na uku shi ne tarihin wanda ya ɗaura. Agogon Tank na Jacqueline Kennedy, matar tsohon shugaban Amurka, an yi gwanjonsa a kamfanin Christie's a New York a 2017 a kan dala 379,500. Zinariyar da ke jikinsa ba ta kai ko kusa da wannan kuɗi ba, labarin matar aka saya. Shahararren ɗan dambe Muhammad Ali da Gimbiya Diana ta Ingila su ma an san su da ɗaura Tank.

Na huɗu, wanda a ganina ya fi duka, shi ne cewa abu ne mai gyaruwa. Kowane ɓangare na cikinsa ana iya kwance shi, a wanke, a gyara, ko ƙwararre ya ƙera wani. Agogon da aka yi shekara 80 da suka wuce yana iya yin wasu 80 idan ana kula da shi. Wayar da ke aljihunka fa, shekara nawa za ta yi? Ba banza ba hukumar UNESCO ta sanya sana'ar ƙera agogon inji ta Siwizalan da Faransa cikin jerin al'adun gado na ɗan Adam a 2020.

Hujjojin Masu Suka

Adalci ne in kawo hujjojin abokan gardamata, domin wasunsu suna da ƙarfi.

Sun ce agogon batir ya fi faɗin gaskiya. Haka ne. Dutsen da ke cikinsa yana kaɗawa sau 32,768 a sakan, kuskurensa a wata bai wuce 'yan sakan ba, alhali nawa yana iya yin gaba da kusan minti guda a yini. Casio F-91W, wanda ya fito a 1989 kuma kusan kowa a cikinmu ya taɓa ɗaura shi ko jabunsa, ya fi duk wani tsohon Cartier kiyaye lokaci. Idan lokaci kawai kake nema, ka sayi Casio ko ka duba wayarka, ba ni da ja. Sai dai wanda ya sayi hular Zanna Bukar ɗinkin hannu ya san akwai hular inji mai araha wadda ita ma za ta rufe masa kai, amma bai fasa ba. Aikin hannun da ke jikinta ya biya.

Sun ce ba shi da juriya. Wannan ma gaskiya ce. Ruwa yana shigarsa, ƙurar hunturu tana shigarsa, idan ya faɗi ƙasa ƙafar lilonsa na iya karyewa, idan aka ajiye shi kusa da lasifika maganaɗisu na iya rikita shi. Da damina a Ibadan nakan cire nawa in sa a aljihu. Agogon ado ne, ba a zuwa gona ko filin ƙwallo da shi, kamar yadda ba a zuwa da babbar riga.

Wani abokina Musulmi ya tuna mini cewa zinariya haramun ce ga maza. Na gode masa, kuma amsar tana da sauƙi: da yawa daga cikin waɗannan agoguna da farin ƙarfe aka yi su, har da yawancin Reverso na farko, tun da don filin wasa aka ƙera shi.

Wani kuma ya ce kayan Turawan mulkin mallaka ne, me ya haɗa mu da su? Ban musa asalinsu ba. Amma jirgin ƙasa da keken ɗinki da rediyo ma haka suka zo, kuma kakanninmu suka mayar da su nasu. Agogon da akawu ɗan Nijeriya ya tara albashinsa ya saya, ya ɗaura shekara arba'in, ya je ɗaurin aure da suna da jana'iza da shi, ya riga ya shiga tarihin gidanmu.

Hujjar da ta fi ƙarfi ita ce ta almubazzaranci. Yaya mutum zai zuba dubban ɗaruruwan daloli a kan agogo alhali maƙwabcinsa bai ci abinci ba? A nan ina tare da su. Masu tarawa iri biyu ne. Akwai mai son abin, wanda ya san injinsa da tarihinsa, yana ɗaura shi, yana biyan mai gyara. Akwai kuma mai saye don ya kulle a akwatin banki yana jiran farashi ya hau, ko don a ce shi ma yana da shi. An ruwaito cewa mai zanen nan na Amurka, Andy Warhol, ya ce shi ko wana Tank ɗinsa ba ya yi, yana ɗaurawa ne kawai don shi ne agogon da ake yayi. Irin wannan ba shi nake karewa ba. Agogon da ba a wanawa munduwa ce kawai. Kuma su ne suke hura farashi har mai ƙaramin ƙarfi ya kasa kusanta, su ne kuma suka sa 'yan damfara suka cika kasuwa da jabu da haɗe-haɗe.

Amma a sani, mafi yawan tsofaffin agoguna masu kusurwa huɗu ba su da tsadar nan. Waɗanda ƙananan kamfanonin Siwizalan da na Amurka suka yi da yawa, irin na kakana, kuɗin gyaransu ma yakan fi kuɗin sayensu. Wanda ya riƙe irin wannan ba riba yake nema ba.

Shawarata Ga 'Yan'uwa Ɗalibai

Ban ce kowa ya ɗebi kuɗin makarantarsa ya tafi neman tsohon agogo ba. Abin da nake cewa shi ne, idan mun je hutu mu tambayi iyayenmu, mu duba akwatunan tsofaffi. Malaman makaranta da akawuna da ma'aikatan jirgin ƙasa da 'yan kasuwa da alhazan da suka yi zamani kafin zuwan batir, da yawansu sun ɗaura agogon wani, kuma ba duka suka ɓace ba.

Idan Allah Ya sa ka samu, ga abin da Baba mai gyara ya koya mini. Kada ka yi ta murɗa agogon da ya daɗe a ajiye, domin mai ya bushe, ƙarfe zai ci ƙarfe. A fara wanke shi tukuna. Kada ka yarda a cire injin a sa na batir. Kada ka bari a sake wa fuskar fenti ko a goge jikin da inji. Idan an sauya wani abu, ka karɓi tsohon ka adana. Idan ka ga hannayen ko lambobin suna da wani busasshen shafe na haskaka dare, kada ka buɗe da kanka, domin a da ana yin wannan shafe da sinadarin radiyam mai cutarwa. Idan za ka wana shi, ka cire shi daga hannu, ka murɗa a hankali, da ka ji ya yi tauri ka tsaya. Sannan ka tambayi manya labarinsa ka rubuta: wa ya saya, a ina, a wace shekara. Wannan aiki ne da mu ɗaliban harshe da al'ada muka fi kowa sanin muhimmancinsa.

Akwai kuma abin da ya fi agogon kansa damuna. Baba mai gyara ya haura shekara saba'in, idonsa ya fara rauni, kuma ba shi da yaro ko ɗaya a shagonsa. Ya ce mini duk waɗanda ya ɗauka sun koma gyaran waya, kuma bai ga laifinsu ba, tun da can kuɗi yake. Ranar da irinsa suka ƙare, duk wani agogon wani da ke ƙasar nan ya zama gawa, sai dai mai hali ya aika da nasa Turai. Kai musu aiki da biyan su hakkinsu ba tare da ƙwauro ba shi ne kaɗai abin da zai sa wani yaro ya ga sana'ar tana da gaba.

Kammalawa

Hausawa sun yi wa agogo kirari da sarkin aiki, kuma sun ce da tsohuwar zuma ake magani. Nawa sarkin aikin ba ya aiki sai na ba shi hakkinsa kowace safiya, murɗa ashirin da 'yan kai kafin in fita. Na lura ma Hausar da nake koyo haka take, duk makon da ban yi magana da ita ba sai in ji ta tsaya mini a baki.

Ga abokiyar karatuna da ta tambaye ni lokaci a ranar nan, ina ba ki haƙuri, laifina ne, agogon bai yi laifi ba. Ga sauran 'yan ajinmu kuma, ƙofar gardama a buɗe take, sai dai a wannan karon ina roƙon a ba ni amsa a rubuce a fitowa ta gaba. Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya ba mu sa'ar jarrabawa, amin.